Ba a Ba da Alewa a Zuwan Farko

Masu karatu, sannunku da haƙuri. Wasunku sun ce ina ba da labarin zuciyata kamar mai karanta farashin alkama a rediyo. Ba laifina ba ne, aikin da na koya ke nan. Abu na farko da Ustaz Dastagir, shugaban teburinmu na labaran waje, ya koya mini shi ne a sa magana mafi nauyi a layin farko, kuka ya biyo baya in da sauran fili. To ga layin farko: wata Alhamis, bayan bikin Nauroz, wato sabuwar shekararmu, a 1988, mahaifiyar Wais ta zo gidanmu a Kabul neman aurena, aka ce mata a'a, alhali mahaifina yana son yaron.

Ranar Laraba abin ya fara. Injin labarai yana kusurwar ofis yana ta tari yana tofo doguwar takarda, ni kuma ina yagowa ina fassarawa. Ana gwabzawa a Angola. An tsagaita wuta a Nikaragua. Tehran da Bagadaza suna jifan juna da makamai masu linzami. Daga Geneva kuma an ce an kusa sa hannu, Rashawa za su fara kwashe sojojinsu daga ƙasarmu.

Ustaz ya leƙo ta saman tabarau. "Mastura jan, Angola a sama, Nikaragua a gefe. Geneva ki matse ta, ta koma ƙasan shafi." [Jan ɗin nan ba launi ba ne, kalmar ƙauna ce da muke liƙa wa suna.]

"Ustaz, ai ita ce tamu."

"Shi ya sa. Yaƙin wasu ake yi wa babban kanu. Naki ki buɗe taga ki ji."

Sai wayar ofis ta yi ƙara. Baƙa ce, guda ɗaya tal, kuma kowa ya san akwai kunne na uku a kanta.

"Salamu alaikum, Mastura jan, sannu da aiki. Ina kuma gaishe da ɗan'uwanmu mai sauraro, Allah ya ƙara masa haƙuri da mu."

"Wais, don Allah ka bari."

"To shi ba ma'aikaci ba ne? Tun safe yana zaune ba mai yi masa sannu." Ya yi 'yar dariya, sannan murya ta sauka. "Mahaifiyata ta goge takalmanta. Gobe bayan azahar."

Na ce to, na ajiye. Na koma kan Angola, na rubuta layi ɗaya sau biyu ban lura ba.

Abin da bai faɗa a waya ba ya riga ya faɗa mini a tashar bas, muna tsaye kamar ba mu san juna ba, yana kallon gabas ina kallon yamma. Ya gama karatun aikin gona a jami'a. Katin ɗalibin da ke hana a kama shi aikin soja zai mutu a ƙarshen wata. Kuma ba sai an yi aikin jarida ba kafin a gane cewa in Rashawa suka tafi, ramin da suka bari da samarinmu za a cike shi. Kawunsa ya samo mai ja-gora ta hanyar lardin Logar zuwa Peshawar, can bayan iyaka. Tafiyar kafin azumi ce, azumi kuwa yana bakin ƙofa.

"In an ba da alewa, ke tamu ce," ya ce, yana kallon titi. "Ranar da mahaifiyata za ta biyo ni, da ke za ta taho, ba mai cewa uffan. In ba a bayar ba, kafin in samu ɗakin haya an tura ki Hamburg."

Bai yi ƙarya ba. Hoton Daud, ɗan yayan mahaifiyata da ke Hamburg ta Jamus, yana jingine a kan rediyon ɗakinmu tun damina biyu [na ƙanƙara nake nufi, mu ita ce daminarmu]. Yana tsaye da jaket ɗin fata, ya dafa wata jar mota a ƙofar shagon dardumarsu. Madar jan, mahaifiyata, tana goge hoton fiye da yadda take goge madubi.

Safiyar Alhamis gidan ya tashi da kakkaɓe-kakkaɓe. Aka fito da katifun zama na jan karammiski aka jera su jikin bango. Aka juya babbar darduma don inda garwashi ya ƙona ya shige ƙarƙashin akwati. Gilasan taga duk an liƙe su da tef saboda roka, guda ɗaya kuma leda ce tun bara, sai Madar ta ja labule ta rufe ta. Ni aka ce in sa riga mai ruwan toka, da farin wando mai leshi a ƙafa, da siririn farin mayafi. Ba kwalli, ba ɗan kunne. A ƙa'ida yarinya ba ta san abin da ya kawo baƙi ba, ko da ita ta faɗa musu lambar gidan.

Madar ta bi farantai tana kwashe duk wani abu mai zaƙi. Ko ƙwayar alewa ɗaya ba ta bari ba, kada wani ya ɗauka an amsa.

Bibi jan, kakata, tana zaune da carbi tana kallonta. "Zabibin fa? Ko shi ma alkawari ne?"

"Bibi, ki bar ni in ji da abin da ke gabana."

"Ni dai sai da uwar kakanku ta huda takalmi biyu a ƙofarmu kafin ta ga tiren alewa. Na uku aro ta yi." Ta juyo gare ni. "Ke kuma daina leƙen ƙofa, idonki zai tona ki."

Madar ta gyara mini mayafi, ba ta kalli fuskata ba. "Jamus babu roka, Mastura. Babu mai sauke mutum daga bas. Ɗaya na bayar, ya isa."

Yayana Hashmat take nufi. Daga bas aka sauke shi yana hanyar aiki aka kai shi aikin soja, bayan wasu watanni aka kawo mana akwatin da aka hana mu buɗewa. Wanda ya ga haka bai ga laifin uwa ba in ta goge hoton jar mota.

Abu ɗaya ne ban shirya masa ba. Ana gama azahar sai ga Gwaggo Gulalai, ƙanwar mahaifina, ta shigo da sabon gyale da ƙamshin turaren Masko. Ba a yin irin wannan zama babu dangin uba, wannan gaskiya ne. Sai dai mijinta ɗan Jam'iyya mai mulki ne, yana aiki a wani ofis da ba a tambayar sunansa. In tana ɗaki, hira ba ta wuce tsadar albasa da ciwon gwiwa. Bango yana da ɓera, in ji Bibi, ɓera kuma yana da kunne.

Khala Bilkis, mahaifiyar Wais, ta iso da matar ƙanin mijinta. Doguwar mace ce mai furfura a goshi, ta sa baƙin kwat a kan koriyar riga, takalman kuwa har ɗaukar ido suke. Na shigo da koren shayi, na zuba, na gaishe su kaina a ƙasa, na fita. Daga nan na tsaya a bayan labule, inda kowace yarinya a Kabul ta taɓa tsayawa.

Aka gaisa. Aka sake gaisawa. Aka tambayi lafiyar wanda ake da shi da wanda ba a taɓa gani ba. Sai a kofi na biyu Khala ta gyara murya.

"Mun zo ne da ƙoƙon bara. Muna roƙo ku karɓi ɗanmu Wais ya zama bawan gidan nan."

"Allah ya raya shi, ai ɗanmu ne," in ji Madar. "Sai dai yarinyar ƙarama ce, ko shinkafa ba ta iya tacewa ba. Ga kawunnanta ba a shawarta ba."

Shekarata ashirin da uku, kuma ni nake dafa shinkafar gidan. Amma haka ake cewa, kuma kowa a ɗakin ya san haka ake cewa. Abin da ya rage shi ne Khala ta yi murmushi, ta ce za su dawo in Allah ya kai mu wani watan, a rako su ƙofa.

Ba ta yi murmushin ba. Ta cikin ramin labule na ga ta kalli Gwaggo, ta kalli turarenta da agogonta, ta haɗiye abin da ke bakinta. Ba za ta iya cewa ɗana zai tsallaka iyaka ba. Sai ta ce abin da ya rage mata.

"'Yar'uwa, in ba damuwa, gobe ma zan dawo. In kun ce jibi, jibi. Mu dai a gama kafin azumi."

Carbin Bibi ya tsaya a hannunta.

"Gobe?" in ji Gwaggo a hankali. "Ikon Allah. Wuta ce ta kama, Khala jan, ko kuwa an riga an ci tuwon ne ake neman wanke hannu?"

"Ba haka ba ne, wallahi."

"To yaya ne?"

Khala ta miƙe, ta yi sallama, ta sa takalmanta a gurguje har ta take bayan ɗaya.

Ko ƙofar gida ba a gama rufewa ba Madar ta ja ni kicin ta tura ƙyaure. "Kalle ni. Kalle ni nan, cikin ido. Akwai abin da ya kamata in sani?"

"Madar jan!"

"Kar ki ce mini Madar jan. Mace ba ta neman dawowa washegari sai in tulu ya riga ya fashe. Wannan ofis ɗin naku mai cike da maza, ni dama..."

"Babu komai. Na rantse da Alƙur'ani."

"To saurin na mene ne?"

Gwaggo tana tsakar gida, kunnenta kamar na zomo. Na yi shiru. Shirun nan kuwa shi ya fi komai yi mini illa.

Da Aga jan, mahaifina, ya dawo daga masallaci aka zayyana masa. Tsohon malamin tarihi ne, ba ya ɗaga murya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yaron kirki ne, na koyar da ubansa. Amma tunda sun yi gaggawa, dole mu mu yi nawa, don unguwa ta ga ba abin da muke ɓoyewa. A ce musu sai bayan Salla."

Kun gani? Da ba ta yi sauri ba, da wataƙila zuwa uku ya isa. Saurin ne ya haifi nawa.

Yarinya ba ta yi wa ubanta maganar aurenta. Tana gaya wa uwa, uwa ta gaya wa uba, amsa ta biyo ta wannan hanya. Amma abin da ya shiga kunnen Madar da safe yakan isa na Gwaggo kafin la'asar, ba don mugunta ba, don dai ba ta iya riƙe damuwa ita kaɗai. Saboda haka ranar Juma'a da yamma, da na ga Aga jan shi kaɗai yana ɗaure rassan inabi a tsakar gida, na ɗauki zaren na tsaya ina miƙa masa.

"Me injinku ya ce shekaranjiya?" ya tambaya. Kullum yakan tambaya.

"Za a sa hannu a Geneva. Rashawa za su tafi. Amurka ba za ta daina ba wa mayaƙan kan duwatsu makamai ba, Masko ma ba za ta daina ba wa gwamnatin birni ba."

"Wato baƙi za su tafi su bar mana wuƙaƙensu." Ya ja zare da haƙori. "Sai me?"

"Akwai labari ɗaya da ba daga inji ya fito ba." Na jera shi yadda aka koya mini. "Katin Wais zai mutu a ƙarshen wata. Zai bi ta Logar kafin azumi. Abin da mahaifiyarsa ta kasa faɗa a gaban Gwaggo ke nan. Babu wani abu bayan wannan, Aga jan."

Hannunsa ya tsaya a kan reshe. Kunnuwansa suka yi ja, nawa ma haka.

"Kin san shekara nawa mutanen nan suka yi suna zama a Geneva?" ya ce can. "Shida. Kuma ba sa zama ɗaki ɗaya. Wani ne yake ɗaukar magana daga wannan ɗaki ya kai wancan, kamar tsofaffin matan unguwarmu. Su ma sun san ba a cewa i a zuwan farko."

"Su ba a sauke 'ya'yansu daga bas suna jira."

Na faɗa kafin in auna. Ya rufe ido kaɗan.

"Zauna, 'yata." Muka zauna a bakin rijiya. "Ba surutun unguwa kaɗai nake tsoro ba. Surutu yakan mutu in wata tara ya wuce ba a ga komai ba. Ki san abin da tiren nan yake nufi. Ranar da ya fita daga ɗakin nan, kin zama tasu. In ya isa Peshawar, alhamdu lillahi. In jirgi ya gan su a hanya, ko suka taka abin da aka binne, ke bazawara ce da ba ta ga ɗakin miji ba. Ba mai sake ƙwanƙwasa ƙofar nan dominki sai da izininsu. Kin ga 'yar Haji mai gidan burodi? Shekara nawa tana zaune?"

"Na gan ta."

"Kuma duk da haka?"

Ban ce i ba, don ba a cewa. Na miƙa masa zaren. Ya karɓa ya koma kan inabinsa.

Ranar Asabar na koma aiki. Na dawo daga ɗakin buga jarida sai Ustaz ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Wani mai yawan gaisuwa ya bugo. Ya ce a gaya miki an sake goge takalmi, Litinin bayan azahar. Ya ce wannan ne na ƙarshe, man gogewar ya ƙare." Ya juya shafi. "Ban san kina sayar da takalma ba, Mastura jan."

"Sana'ar gida ce, Ustaz."

"Allah ya kawo kasuwa."

Da yammar ranar Aga jan ya dawo daga kasuwar Mandawi da ƙunshi a hammata. Ya wuce mu duka, ya ajiye a kan kantar kicin, ya fita alwala. Madar ta buɗe shuɗiyar takardar. Curin sukari ne, dogo mai tsini, irin wanda ake ɗorawa a tsakiyar tire, da ledar alewar almon, wata irin gyaɗa, mai farin sukari. Ta tsaya tana kallonsa kamar an ajiye mata maciji.

"A zuwa na biyu?" ta ce. "Na biyu? Sai ka ce muna neman kai da ita!"

Bibi kuwa ta riga ta jawo akwatinta. Ta fito da koren hankici mai zaren zinariya a baki, wanda ta ɗinka tun ina firamare. "Kawo tiren azurfa, ke. Ki goge shi da toka. In za a yi abin kunya, a yi shi da tsabta."

Madar ba ta yi mini magana ba ranar Lahadi. Da ta ji dalilin daga bakin Aga jan, ta tabbata ban yi abin da take tsoro ba, na zaci za ta sauko. Sai ma ta ƙara hawa. Na ji tana ce masa, "Da ciki ne da ya fi mini sauƙi. Ciki ana haife shi a gida. Wannan hanyar Logar za ka aura mata."

Litinin na nemi izini na dawo da wuri. Katifu, darduma, labule a kan leda, duk kamar ranar Alhamis. Wannan karon Bibi ta ce in sa shuɗiyar rigata mai aiki a ƙirji, ta kuma zizara mini kwalli da hannunta. Tiren yana ɗakin ciki a kan akwati, an lulluɓe shi da koren hankici, tsinin sukarin ya ɗaga tsakiyarsa. Gwaggo ta zo, ba wanda ya gayyace ta, ta zauna ta harɗe hannu. Aga jan bai tafi masallaci ba, ya yi sallarsa a gida.

Shayi ya huce, aka sake dafawa. Ya sake hucewa. Aka kira la'asar.

"Masu gaggawar ke nan," in ji Gwaggo.

Sai aka buga ƙofa, ba irin bugun baƙi ba. Khala Bilkis ta shigo ita kaɗai. Babu kwat, babu koriyar riga. Mayafin aikin gida ne a kanta, hannunta da sauran ƙullun fulawa. Ba ta zauna ba, ba ta tambayi lafiyar kowa ba.

"Sojoji sun tare bas a kan gada da hantsi," ta ce. "Ya je karɓo maganin ubansa. Mai shagon kusa da mu yana cikin motar, shi ya zo ya faɗa mini."

"Ai katinsa da saura," in ji Aga jan.

"Ya nuna musu. Suka yaga a gabansa, suka ce ƙasa ta fi jami'a bukatarsa." Ta juya ta fuskanci Gwaggo, muryarta ba ta rawa. "Kin tambaye ni saurin na mene ne. Na wannan ne. Peshawar zai tafi jibi. Je ki faɗa wa wanda za ki faɗa wa, yanzu ba abin da za a ƙara ɗauka a gidana."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin haka ba.

"Ina suka kai su?" Bibi ta tambaya.

"Na je wuri uku. Kowa ya ce ba nan ba." Khala ta goge hannunta a mayafi, ta gyara tsayuwa, ta dubi mahaifina. "Malam, na yi masa alkawari yau zan koma gida da alewa. Ban san yaushe zai ji ba, ban san ko zai ji ba. Ba zan ga laifinku ba in kun hana. Amma na zo da ƙoƙon barata. Ku karɓi ɗana ya zama bawan gidan nan."

A ƙa'ida ina bayan labule. Ban san lokacin da na fito ba.

Aga jan ya dubi darduma. "Na sayo sukarin nan ne don saurayi mai tafiya Peshawar," ya ce. "Wannan wata magana ce daban, ba ni da ikon yanke ta." Ya ɗago ya dube ni a gaban kowa. "Ban taɓa jin an tambayi yarinya ba. Amma ban taɓa ganin zamani irin wannan ba. Mastura, tiren yana ciki. In kin bar shi a inda yake, ba mai ce miki don me."

Na shiga ɗakin ciki. Ba zan ce muku na yi dogon tunani ba, don ban yi ba. Na tuna 'yar mai gidan burodi, na tuna ta sarai, sannan na sa hannu biyu na ɗauki tiren. Ya fi yadda na zata nauyi.

Na juyo, sai na tarar da Madar a bakin ƙofa, ta cika ta. Ba ta yi ihu ba. Ta miƙo hannuwanta ta kama ɗaya gefen tiren, a hankali, kamar mai taya ni ɗauka.

"Na binne akwatin da ban ga abin da ke ciki ba," ta ce, ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji. "Ba zan zauna ina kallon ki kina jiran irinsa ba. Saki, 'yata."

Ta bayan kafaɗarta ina hango Khala a tsaye, ta buɗe tafukanta masu fulawa tana jira. Alewar ta fara gangarowa gefe ɗaya a ƙarƙashin hankicin.

Ban saki ba. Ita ma ba ta saki ba.